Yadda dattijo zai rage tumbi ba tare da ya zubar da ƙarfinsa ba

Abubuwa biyar ne kan taru a jikin mutum idan shekaru suka ja: tumbi ya fito, jini ya hau, sukari ya ɗan ɗaga, kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid ya yi yawa, sannan kwalastarol mai amfani, wato HDL, ya ragu. Duk wanda ya haɗa uku cikin biyar ɗin nan, likitoci suna cewa yana da metabolik sindirom. Ba ya ciwo, ba ya kwantar da mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma mai shi ya fi waninsa haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan ninki biyu, haɗarin kamuwa da ciwon sukari kuwa kusan ninki biyar.

Tun a 1988 wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, Gerald Reaven, ya nuna cewa tushen yawancinsu ɗaya ne: jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka da hanta bayan an ci abinci. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya kewaye hanji ya cusa kansa a hanta, yana kan gaba wajen jawo hakan. Saboda haka idan tumbi ya sauka, sauran huɗun sukan biyo shi.

Sai dai dattijo ba saurayi ba ne. Daga shekara 30 tsokar jiki takan fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Tsoka ita ce rumbun sukari: mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci can ake zuba shi. Dattijon da ya rage abinci kawai, bai motsa jiki ba, sikeli zai nuna ya sauka, amma da kitse da tsoka da ƙashi ne suka tafi tare. Ya rushe rumbun da yake bukata, ga shi kuma tashi daga tabarma ya fara gagararsa. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma duk abin da ke tafe an tsara shi ne don a kauce masa.

Ba zato ba ne. A 2011 Dakta Dennis Villareal da abokan aikinsa a birnin St. Louis na Amurka sun fitar da sakamakon bin mutum 107 masu ƙiba, 'yan shekara 65 zuwa sama, na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage abinci kawai da waɗanda suka haɗa da motsa jiki sun sauke kusan nauyi ɗaya, kashi 10 da kashi 9. Amma na farko sun yi asarar kashi 5 na tsoka da kashi 3 na ƙarfin ƙashin kwatangwalo, na biyu kuwa kashi 3 da kashi 1 kacal, kuma su ne suka fi kowa samun kuzarin tafiya da hawan matakala.

Awon farko

Kafin a canza komai, a san inda aka tsaya. A samu tef ɗin tela, a tsaya a miƙe, a lalubi haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef ɗin a tsakaninsu, wajen cibiya ko sama da ita kaɗan. A kan fata ake awo, ba a kan babbar riga ko ɗaurin zane ba, kuma bayan an fitar da numfashi, ba tare da an shanye ciki ba. Iyakar da ake amfani da ita ga 'yan Afirka ita ce santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Inda babu tef, a yanki igiya daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu. Idan ba ta zagaye ciki ba, tumbin ya wuce ƙa'ida.

Sauran huɗun sai a asibiti, da safe, bayan awa 8 zuwa 12 ba a ci komai ba sai ruwa. Hawan jini ana ƙirga shi daga 130/85, abin da a Nijar za a ce 13/8 da ɗoriya. Sukari daga 100 mg/dL, wato 5.6 mmol/L a yawancin takardun Najeriya, ko 1.00 g/L a na ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Tiraigilisaraid daga 150 mg/dL. HDL ƙasa da 40 ga namiji, ƙasa da 50 ga mace. Wanda ke shan maganin ɗaya daga cikinsu, ana ƙirga masa shi ko da awon ya fito daidai. A nemi gwajin ƙoda a lokaci guda, domin shi zai nuna yawan nama da wake da za a iya ci.

Akwai awo na gida da ya kamata a rubuta a ajiye. A jingina kujera marar hannu da bango, mai tsayin kamar santimita 43, a zauna, a rungume hannu a ƙirji, a ƙirga sau nawa za a miƙe tsaye sosai a koma a zauna cikin daƙiƙa 30. Ga ɗan shekara 65 zuwa 69, ƙasa da 12 ga namiji ko 11 ga mace alama ce ta raunin ƙafa da haɗarin faɗuwa. Wannan lambar ce za ta nuna ko tsoka na nan yayin da nauyi ke sauka.

Nawa za a sauke

Kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin jiki, a cikin wata shida. Mai kilo 90 yana neman kilo 5 ko 6 ke nan, kimanin kilo ɗaya a wata, kada ya wuce rabin kilo a mako. Mutane sukan raina wannan, don suna so su koma jikinsu na ƙuruciya. Amma babban gwajin rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234, wanda aka wallafa a 2002, da wannan ma'aunin ya yi aiki: sauke kashi 7 da tafiyar minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58, alhali metformin, maganin sukari, ya rage kashi 31. A cikin 'yan shekara 60 zuwa sama raguwar ta kai kashi 71. Dattawa ne suka fi kowa cin moriya. Hawan jini ma, a matsakaici, duk kilo ɗaya da aka sauke yana rage lambar sama da kusan maki ɗaya.

Ramewa da gaggawa tana cin tsoka, tana jawo tsakuwa a matsarmama, kuma nauyin da ya dawo bayanta galibi kitse ne zalla.

Akwai waɗanda bai dace su nemi rage nauyi ba sam: tsohon da ya haura 80, da wanda jiki ya riga ya yi rauni, da mai jinyar babbar cuta. Su abin da ya kamace su shi ne su riƙe nauyinsu, su yi atisayen ƙarfi, su rage gishiri da kayan zaƙi. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari, ko rashin cin abinci, wannan ba abin murna ba ne. Ya tafi asibiti.

Atisayen ƙarfi

Da shi muka fara don shi ake tsallakewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce 'yan 65 zuwa sama su yi shi aƙalla kwana biyu a mako. Ba a jere ba: tsoka na bukatar awa 48 ta farfaɗo, don haka Litinin da Alhamis, ko Asabar da Talata. Ba a bukatar wani inji. Kujera, bango, dakali da gorar ruwa sun isa. A fara da tafiyar minti biyar don jiki ya ɗumama.

Tashi daga kujera shi ne uban sauran. A zauna a gaba-gaban kujera, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, dunduniya ta ɗan ja baya ƙarƙashin gwiwa. A sunkuyo da ƙirji kaɗan, a tura ƙasa da ƙafa, a miƙe. Saukowar ce aikin: a ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin a taɓa kujerar, kada a faɗa mata jagwab. Idan gwiwoyi suna haɗuwa ciki yayin tashi, tsokar ɗuwawu ce ba ƙarfi, sai a riƙa tura su waje su bi saitin yatsun ƙafa. Wanda ba zai iya ba sai da dafawa, ya ɗora matashi a kujerar ya ƙara mata tsayi, bayan mako biyu ko uku ya cire. Wanda abin ya yi wa sauƙi, ya rungumi galan mai lita 5 a ƙirji.

Tura bango: a tsaya nesa da bango da tsawon hannu, a dafa shi daidai ƙirji, a lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusa bangon, a tura a dawo. Jiki ya zama a miƙe daga kai har dunduniya, kada ɗuwawu ya tsaya a baya. Idan an ƙware, a matsar da ƙafa baya, ko a koma dafa gefen tebur mai ƙarfi.

Jan gora: a dafa kujera da hannu ɗaya, a sunkuya baya a miƙe, a ɗauki gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, nauyinta kilo ɗaya da rabi ke nan, a ja gwiwar hannu sama zuwa haƙarƙari, a sauke a hankali. Idan ruwa ya yi sauƙi a cika gorar da yashi.

Sai ɗage: a dafa bango, a tashi a kan yatsun ƙafa, a tsaya daƙiƙa biyu, a sauko. Sai hawa dakali ko matakala wadda ba ta wuce santimita 15 ba, ƙafa ɗaya ta hau, ɗayar ta biyo, a sauko, a canza.

Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake. Zagaye ɗaya a makon farko, biyu daga mako na uku, uku idan jiki ya karɓa. Nauyin da ya dace shi ne wanda biyun ƙarshe za su yi wuya amma a iya kammala su da kyau. Da zarar an yi 12 cikin sauƙi a zama biyu a jere, a ƙara nauyi. Mutum zai iya shekara yana ɗaga ƙaramar gora bai ga canji ba, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗora mata abin da ba ta saba ba.

Kada a riƙe numfashi. Mutane sukan cije su toshe numfashi yayin yunƙuri, wannan kuwa yana harba jini sama nan take. A fitar da iska lokacin tashi ko turawa, ko a riƙa ƙirge a bayyane, don mai magana ba ya iya riƙe numfashi. Tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan farawa ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon gwiwa da ya wuce awa biyu bayan an gama, yana nufin an wuce gona da iri. A rage zurfi da nauyi, kada a daina gaba ɗaya, don gwiwa mai amosani tana ƙara lalacewa ne idan cinya ta yi rauni.

A ƙara da minti biyar na daidaita tsayuwa, kwana uku a mako: tsayawa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10 kusa da bango, da tafiya taku goma dunduniya na taɓa yatsun ɗayar ƙafar.

Tafiya

Abin nema minti 150 a mako, wato 30 a rana kwana biyar, wanda ya iya ya kai 300. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya ƙara 5 duk mako. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ko jan dogon karatu ba, kimanin taku 100 a minti. Masu shan maganin hawan jini na atenolol da ire-irensa kada su dogara da ƙirga bugun zuciya, maganin yana danne shi.

Lokaci yana da tasiri. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai yi aikinsa sosai ba, don haka tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage tashin sukarin da ke biyo baya. Wadda ta fi amfani ita ce ta bayan tuwon dare, lokacin da aka saba kishingiɗa. Wannan tasirin yana gushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a so a yi kwana biyu a jere ba a motsa ba.

Dattijon da ke zuwa masallaci a ƙasa, idan tafiyar minti biyar ce zuwa biyar dawowa, ya riga ya sami abin ginawa a kai: ya ɗaga ƙafa, ya bi doguwar hanya wajen dawowa. Dattijuwar da ba ta cika fita ba ta zagaya tsakar gida, ko ta yi taku a wuri ɗaya tana dafe da bango. A nan 'ya'ya da surukai su yi hattara. Girmamawa ce a ce “Hajiya zauna, bari a kawo miki”, amma idan aka karɓe mata shara da shanya da ɗaukar buta duka, an zaunar da ita ke nan, zama kuwa shi ke cinye ƙafa. A bar mata aikin da take iyawa. Wanda zamansa ya yi tsawo, a shago ko a majalisa, ya miƙe duk bayan rabin awa ya taka minti biyu ko uku.

A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tafiya sai bayan Asuba ko bayan Magariba. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai ya sha ruwa kofi ɗaya kafin fita da bayan dawowa ko bai ji ba, musamman mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe da safa, ya zazzage shi kafin sawa, ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Ƙafar da ta daina ji ba ta sanar da mai ita ƙaya ta shiga.

Abinci

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ragin kalori 300 zuwa 500 a rana ya wadatar, kuma mafi yawansa ana samunsa ba tare da an taɓa tuwo ba. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 13, kalori sama da 200. Babban cokalin mai ɗaya, na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, kalori 120. Cokali uku na sukari a shayi, kusan 50. A cire lemo ɗaya, da cokali biyu na mai, da sukarin shayi, an kai kusan 500. Lemon malt, da zoɓo da kunun aya da fura da aka zuba wa sukari, da madarar gwangwani mai zaƙi, duk layi ɗaya ne. Zuma ma sukari ce ga jini, duk da albarkarta. Harshe yana sabawa: a rage rabin cokali duk mako, cikin wata biyu shayin da aka saba sha zai yi wa mutum zaƙi da yawa.

Mai kuwa sai an auna, don ba wanda ke sanin abin da yake tuttulawa. Kwalba mai santilita 75 babban cokali 50 ce. Idan gida mai mutum shida na shanye ta a kwana uku, kowa na cin kusan cokali uku a rana, ban da ƙosai da waina da fanke na waje. A riƙa zuba mai da cokali maimakon daga bakin kwalba, a nufi kamar cokali biyu ga mutum a yini, a kwashe wanda ya taso a kan miya. A zaɓi dafawa da gashi: alale maimakon ƙosai, awara a cikin miya maimakon soyayya.

Tuwo ba a hana shi ba, girmansa ne matsalar. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, miyar ganye kuma ta ninka ta. Kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kabeji: waɗannan su cika rabin faranti, tuwo ko shinkafa kwata, wake ko kifi ko nama kwata. Kwaɗon zogale da na rama abinci ne na gaske ga mai wannan larura, in ba a cika masa mai ba. A fara cin ganye da nama kafin a kai ga tuwon, sukari ba zai yi tsalle sosai ba. Dattijon da ke ciyayya a tire ɗaya da jama'a, a zuba masa nasa daban, domin ba a iya auna loma a babban kwano.

Hatsin da ba a surfe shi tas ba ya fi, saboda dusar ce ke rage saurin narkewa. Gero, dawa da acha sun fi farar shinkafa, burodi, taliya da garin semo. Amma kada a yaudari kai: acha ma sitaci ce, malmala uku ta acha za ta ɗaga sukari. Duk abin da aka niƙa ya yi laushi aka dama, kamar koko da kunu, yana shiga jini da sauri, don haka kofi ɗaya, ba sukari, tare da ƙwai ko alale. Shinkafa idan an haɗa ta da wake rabi da rabi ta fi zama lafiya. 'Ya'yan itace a ci su ɗungurungum, kada a matse: gwaiba, lemo, gwanda, yankan kankana, mangwaro ƙarami ɗaya.

Abin da ba za a rage ba shi ne abincin gina jiki. Dattijo na bukatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 75 yana neman giram 75 zuwa 90 a rana, a raba uku, kamar 25 zuwa 30 kowane ci, don tsokar tsoho ba ta amsawa sai an ba ta da ɗan yawa a lokaci guda. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin nono 8, kofin dafaffen wake kimanin 13, gyaɗa cikin tafin hannu 7, nama ko kifi mai girman tafin hannu kusan 25. Karin kumallo ne ake samun giɓi, don shayi da burodi ko koko kaɗai ba su da abin kirki. Ƙwai biyu da kofin kindirmo marar sukari da ɗan wake sun cike shi. Ba sai mai kuɗi ba: wake, gurjiya, awara, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi duk suna yi. Wanda haƙora suka yi wa ƙaranci a yi masa faten wake, alale da dambun kifi. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai ba zai bi wannan lissafi ba sai da izinin likitansa.

Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, kanwa ma sodiyam ce, wato sinadarin da ke cikin gishiri, haka yajin tsire, kilishi, burodi da garin ɗanɗanon indomi. A rage dunƙule zuwa rabi, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi. Wake idan an jiƙa shi tun dare ba ya bukatar kanwa.

Inda magani ke shigowa

Nan ne haɗari yake. Idan abinci ya ragu, motsi ya ƙaru, adadin maganin da ya dace jiya yana iya yin yawa yau. Mai allurar insulin, ko mai shan maganin sukari irin su glibenclamide, gliclazide ko glimepiride, sukarinsa na iya faɗuwa: rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, bugun ƙirji, rikicewa. Ga tsoho wani lokaci rikicewar ce kaɗai ke bayyana, iyali su ɗauka tsufa ne ko iska. Idan awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a sha babban cokalin sukari ɗaya a ruwa, a jira minti 15, a sake awo, a maimaita in bai tashi ba, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti za a nufa. Irin waɗannan su auna kafin fita tafiya, in ƙasa da 100 ne su ci wani abu, kuma su riƙe sukari ko dabino a aljihu. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo haka.

Jiri yayin miƙewa tsaye alama ce cewa maganin hawan jini na iya bukatar ragi. Likita ne zai rage, kada mutum ya ajiye magani don awo ya yi kyau mako biyu. Idan jini ya kai 180/110 a zaune, ba atisaye ranar, sai ganin likita. Wanda ciwon sukari ya taɓa masa ido ya tambaya kafin ya fara ɗaga nauyi. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, haki da ya wuce misali, ko duhun gani: a tsaya nan take, a tafi asibiti ranar.

Wasu magungunan kuma suna warware duk ƙoƙarin. Dexamethasone da prednisolone, da ake haɗa wa tsofaffi a kemis don ciwon gaɓoɓi, suna ɗaga sukari da jini, suna tara kitse a ciki, suna cinye tsoka da ƙashi. Wanda ya daɗe yana shansu kada ya yanke lokaci guda, ya kai su wurin likita a janye masa a hankali. Magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, in ana shansu kullum, suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda. Shayin rage tumbi da ake talla kuwa galibi mai sa gudawa ne ko fitsari. Ruwa yake fitarwa, kitse na nan, ga tsoho kuma rashin ruwa na iya kai shi ga ciwon ƙoda.

Azumi na iya taimakawa ko ya ɓata, ya danganta da buɗa-baki. Ruwa, dabino biyu ko uku, a yi salla, sannan faranti irin wanda aka bayyana. Sahur ya ƙunshi wake, ƙwai ko nono, a jinkirta shi. Atisaye a mai da shi bayan an sha ruwa. Mai maganin sukari ya ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a gyara masa lokutan sha, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ga gyangyaɗi da rana, ya faɗa wa likita, don hakan na hana jini sauka. Taba kuma a bar ta.

Bibiya

Sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a kan sikeli ɗaya. Tef da gwajin kujera sau ɗaya a wata. Awon jini bayan wata uku. Idan likita ya nemi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, a sanar da shi in akwai sikila ko ƙarancin jini, don suna iya karkatar da sakamakon.

A karanta lambobin tare. Idan sikeli ya tsaya amma tef na raguwa, lambar kujera na hawa, aiki na tafiya daidai, kada a ƙara rage abinci. Idan sikeli na sauka da sauri amma lambar kujera na raguwa, tsoka ake ci: a ƙara ƙwai da wake, a duba ko an bar atisayen ƙarfi. Idan babu abin da ya motsa bayan mako shida, a rubuta duk abin da ya shiga baki na kwana uku, har da na biki da suna da na majalisa. Yawanci a abin sha da mai ake samun ɓarakar. Wajen wata na shida nauyi kan tsaya, don jiki ƙarami ba ya ƙona abinci kamar da. Daga nan sai a koma riƙon abin da aka samu: a ci gaba da tafiya da atisayen kwana biyu, kuma idan sikeli ya ƙaru da kilo biyu a koma auna mai da malmala tun a makon.